Kundin aiki: ina bin sawun ma'aunin motocin Le Mans

2 ga Maris, 2025

Yau na buɗe fayil ɗin da na daɗe ina cewa zan buɗe. Jadawali ne guda ɗaya a Excel. Kowane tsere na WEC ta bana, wato gasar tseren juriya ta motoci ta duniya wadda Le Mans ke cikinta, zai samu layinsa: nauyin da aka yanke wa kowace mota, ƙarfin injin da aka yarje mata, makamashin da za ta ƙona kafin ta koma shan mai, sai matsayin da ta ƙare. In kaka ta ƙare a Nuwamba zan zauna in rubuta dogon bayani da Hausa a kan tambaya ɗaya: wai masu shirya gasar ne ke zaɓar wanda zai ci?

Gara in faɗi ɓangarena tun yanzu. Ni ɗan Toyota ne, kuma tun Le Mans na 2023 nake da ƙulli a zuciya. Da niyyar kama ɓarawo na shigo aikin nan.

Shekaranjiya Juma'a aka buɗe kaka a Katar. Ferrari ta kwashe na ɗaya, na biyu da na uku. Layin farko kenan, kuma bai sanyaya min rai ba.

9 ga Maris

Azumi ya sa sai bayan tarawihi nake taɓa aikin. Makon nan kalmomi na zauna nema. Abin da ake kira BoP zan riƙa ce masa daidaita ƙarfi. FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, da ƙungiyar ACO, mai shirya tseren awa 24 na Le Mans tun 1923, su ke fitar da takarda kafin kowane tsere: wannan mota kilo kaza, kilowat kaza, megajul kaza. Wadda ta fi sauri a ƙara mata nauyi ko a rage mata ƙarfi, wadda ke baya a sassauta mata.

Dalilin shi ne Hypercar, babban rukunin gasar, ya haɗa motoci iri biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Akwai LMH, inda kamfani ke ƙera komai da kansa, kamar Toyota, Ferrari, Peugeot da Aston Martin. Uku na farkon suna da injin lantarki a tayoyin gaba, Aston Martin kuwa fetur zalla ce mai silinda 12. Sai LMDh, inda kamfani ke sayen shasi daga ɗaya cikin maƙera huɗu, Oreca, Dallara, Ligier ko Multimatic, ya ɗora injinsa, kuma kowa ya yi amfani da kayan lantarki iri ɗaya a tayoyin baya. Porsche, Cadillac, BMW da Alpine a nan suke. A Janairun 2020 a Daytona aka sanar da wannan haɗin, don mota ɗaya ta iya tsere a Le Mans ta kuma yi a gasar IMSA ta Amurka.

Na nuna wa wani abokina bakanike hoton na'urar da ake ɗaurawa a jikin shaf tana auna ƙarfin da ke isa taya kai tsaye. Ya daɗe yana kallo, ya ce to ai babu sauran wayo kenan. Na ce masa akwai. Na'ura tana auna abin da inji ya bayar, ba ta auna abin da direba ya ƙi bayarwa. Ƙungiya tana iya rage gudu da gangan a tseren da bai dame ta ba don a tausaya mata a wanda ya dame ta. Na yi ta juya yadda zan kira wannan, shi ne ya ce min, "Malam, ai lamɓo kenan." Kalmar ta zauna daram, na sa ta a jerin.

23 ga Maris

Na koma 2023, tunda daga can ƙullin ya fara.

Toyota ta ci tsere uku na farkon kakar: Sebring, Portimão da Spa. Abin da aka shaida wa ƙungiyoyi tun farko shi ne ba za a taɓa ma'aunin mota ɗaiɗai ba har sai an wuce Le Mans. Gyaran da aka bar ƙofarsa a buɗe shi ne tsakanin LMH gaba ɗaya da LMDh gaba ɗaya. An yi haka ne musamman don kashe lamɓo, tunda in ka san ba za a sake awo ba, ɓoye ƙarfi bai amfane ka da komai ba. Toyota ta ɗauki maganar da gaske ta saki gudu. Sai ga sabuwar takarda kwana goma ko makamancin haka kafin tseren Le Mans na cika shekara ɗari: Toyota ƙarin kilo 37, Ferrari 24, Cadillac 11, Porsche 3, Peugeot ko ɗaya. Toyota ta koma kilo 1080, Ferrari 1064.

Ferrari mai lamba 51 ta ci, a hannun Pier Guidi, Calado da Giovinazzi. Rabon kamfanin da cin Le Mans gaba ɗaya tun 1965, kuma shekarar da ya dawo babban rukuni kenan bayan shekara hamsin. Labari ya yi daɗi har ya yi yawa. Akio Toyoda, shugaban Toyota, da kansa ya ce siyasa ce ta kayar da su.

Na yi lissafi. Tazarar daƙiƙa 81 ce a zagaye 342, wato ƙasa da rubu'in daƙiƙa a kowane zagaye mai tsawon kilomita 13.6. Bambancin ƙarin nauyin tsakanin motocin biyu kilo 13. Na yi murna, na ce ga hujja. Da na sake kallon tseren sai murnar ta koma ciki. Motar tsaro ta fito sau da dama, kuma duk fitowarta tana tattara motoci wuri ɗaya ta share tazarar da aka tara, don haka raba 81 da 342 aikin banza ne. Ga shi kuma saura ƙasa da awa biyu Ryo Hirakawa yana bin Ferrari a kusa, birki ya kwace masa a kwanar Arnage ya bugi shinge. Ɗaya Toyotar tun cikin dare aka buge ta ta fita. Ita ma Ferrarin sai da ta ƙi tashi a wurin shan mai ana dab da gamawa.

Abin da na iya rubutawa da hannu biyu shi ne an yi alkawari an karya shi, kuma wanda ya yarda da alkawarin shi ya fi kowa biya. Cewa kilo 13 ne suka ba Ferrari kofi, jadawalina bai kai can ba. Na goge jimlar, raina bai so ba.

6 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Na yi kwana biyu a tarihi, kuma ya rage min zafin kai.

A 1991 Mazda 787B ta zama motar Japan ta farko da ta ci Le Mans. Tsofaffin motocin rukunin C irin su Jaguar da Mercedes an ɗora musu nauyi ya kai kilo 1000 a shekarar, ita kuwa Mazda mai injin rotari aka bar ta a 830. Ba daga sama wannan rangwame ya faɗo ba, kamfanin ne ya bi ta ofis ya nema. Yau kowa waƙar ƙarar injinta yake yi, ba mai tuna kilo 170. Kafin nan ma, bayan Ford ta ci 1966 da 1967 da injin lita bakwai, sai aka taƙaita motocin gwaji zuwa lita uku daga 1968. Tun fil azal alƙalami yana cikin tseren nan.

Daidaita ƙarfi irin na yanzu daga gasar GT ta Stéphane Ratel, ta motocin tsere da aka gina a kan motocin titi, ya samo asali, lokacin da Maserati MC12 ta zo a tsakiyar shekarun 2000 tana neman cinye kowa. Maimakon a kore ta sai aka ɗaure ta. Daga nan rukunin GT3 ya fito a 2006, an gina shi kacokan a kan wannan tsari, kuma ya yaɗu sosai a duniya.

Sai abin da ɗan Toyota ba ya son tunawa. A zamanin LMP1, babban rukunin da ya gabaci Hypercar, kowa na zuba kuɗi iya ƙarfinsa. Audi ta tafi bayan 2016, Porsche bayan 2017, aka bar Toyota ita kaɗai a matsayin babban kamfani. Kofuna biyar da ta jera daga 2018 zuwa 2022, kusan duk ba ta da tsara a fili. Bana kamfanoni takwas ne. Ba wanda zai je gaban shugabannin kamfaninsa neman kuɗin tsere in bai iya ce musu akwai damar ci ba, kuma ma'aunin nan shi ne damar.

21 ga Afrilu

Imola. Ferrari 51 ta ci a gida, BMW ta biyu, Alpine ta uku. Na cike layi na rufe kwamfuta.

12 ga Mayu

Spa ma Ferrari, na ɗaya da na biyu. Uku cikin uku.

Na so in ƙara shafi na abin da kowace ƙungiya ta ce game da ma'auninta, sai na ga shafin zai zauna kusan fayau. Tun 2023 akwai doka a ƙa'idojin WEC da ta hana kamfani, direba ko ma'aikaci yin maganar da za ta zama matsin lamba a kan daidaita ƙarfi, a jarida ko a kafafen sada zumunta. A 2024 an ci Toyota tarar Yuro 10,000 ta jeka-ka-gyara-halinka saboda kalaman daraktan ƙungiyar, Rob Leupen, a wata hira. Shi ya sa in ɗan jarida ya tambayi direba me ya sa ba su da sauri, sai ya yi murmushi ya ce akwai abin da ba a ba shi damar faɗa ba. Kowa ya gane. Dokar ba ta hana maganar ba, ta mayar da ita habaici.

Na fahimci dalilin hukuma. A zamanin GTE, tsohon rukunin motocin GT na gasar, kowane mako kuka ake yi a jarida, wanda ya fi iya kuka ya samu sassauci. Amma ga yadda abin ya tsaya: hukuma ce ke da bayanan na'urori, ita ke da sakamakon ɗakin gwajin iska, ita ke yanke hukunci, sannan waɗanda suka san abin da lambobin ke nufi an rufe musu baki. Ni ɗan kallo takarda kawai nake gani da lokacin zagaye. Ko da awon daidai yake, ba ni da hanyar tabbatarwa, kuma inda ba a iya tabbatarwa zargi ke yin gida.

8 ga Yuni

Na je gaida kawuna da babbar sallah. Tsohon mai son dawaki ne, ba ya rasa gasar folo. Na yi masa bayanin aikin ina tsammanin zai ce rashin adalci ne, sai ya yi dariya.

"Kai yaro, yau ka fara jin haka? A sukuwa ma dokin da ya fi gudu shi ake ƙara wa nauyi. A folo kowane ɗan wasa da makinsa, a tara na ƙungiya, wadda ke ƙasa a ba ta kwallaye tun kafin a hau."

Na ce, "To Kawu, ba a rigima?"

Ya ce ana yi mana, har akwai masu ƙin nuna iyawarsu don kada a ɗaga musu maki. Lamɓo dai. Amma ya ce abu biyu ke riƙe da tsarin. Kowa ya san makin kowa kafin a shiga gasa, ba a zuwa ranar wasan ƙarshe a ce an sake tunani. Sannan akwai kofin da ake bugawa babu rangwame, mai ƙarfi ya ci abinsa. Na dawo gida ina juya maganarsa ta biyu, don a tseren juriya yanzu babu wannan kofin. Le Mans ɗin da ya kamata ya zama shi, shi ma a kan ma'auni yake.

16 ga Yuni

An tashi ƙarfe uku na ranar Asabar agogonmu. Wuta ta ɗauke wajen sha ɗaya na dare, na koma waya da fawa banki har asuba. Idona har yanzu yaji yake.

Ferrari mai lamba 83, rawaya, ta AF Corse, ita ta ci: Robert Kubica, Ye Yifei da Phil Hanson, zagaye 387. Uku a jere kenan, kowace shekara da mota daban: 51 a 2023, 50 a 2024, 83 bana. Ban iya jin haushin Kubica ba. Mutumin da haɗarin rali na 2011 ya kusa raba shi da hannunsa na dama.

Ga abin da ya dagula min jadawali. Cadillac ce ta kama gurbi na ɗaya da na biyu a gwajin neman gurbi, amma a tsere ta kasa riƙewa. Porsche mai lamba 6 an soke lokacinta na gwaji saboda nauyinta bai cika ba, ta tashi daga ƙarshen motoci 21 na rukunin, ta ƙare ta biyu da tazarar daƙiƙa 14. Estre, Vanthoor da Campbell kusan ba su yi kuskure ko ɗaya ba. Motocin Ferrari kuwa sun sha hukunci, ɗaya ta juya a mashigar gareji, duk da haka suna dawowa gaba cikin sauƙi, musamman a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne. In wanda bai yi kuskure ba ya kasa cin wanda ya yi, to wani abu bai daidaita ba. Tun Le Mans na 2024 aka ƙara wani awo na daban ga ƙarfin inji sama da kilomita 250 a awa don maganin irin wannan, amma abin da ido ya gani a Mulsanne bai nuna ya wadatar ba.

Sai dai dole in rubuta ɗaya gefen. Ma'aunin Le Mans daban ake yin sa, ba ya bin na sauran tsere. Kuma akwai abin da takarda ba ta aunawa: yadda mota ke lallaɓa taya a zagaye na talatin, yadda take hawa dakalin kwana, yadda take wuce ƙananan motoci cikin cunkoso. Mai yiwuwa 499P, motar Ferrari, an ƙera ta ne da wannan fili a zuciya. To a nan tambayar ta juye min. In mota ta fi kyau, aikin ma'auni ne ya share fifikon gaba ɗaya, ko ya bar wa injiniya ladan aikinsa? A 2023 ina ihun an hukunta Toyota don ta iya. Yau ina son a hukunta Ferrari don ta iya. Na rubuta wannan a gefen fayil da jan rubutu don kada in manta da kaina.

18 ga Yuni

Gyara a layin Le Mans: an kori Ferrari 50 daga matsayi na huɗu saboda fiffiken bayanta bai cika ƙa'ida ba. Kowa na ƙasa ya hau mataki ɗaya.

14 ga Yuli

São Paulo. Cadillac ta ɗauki na ɗaya da na biyu, nasararta ta farko a WEC. Ferrari da Toyota ko kusa. Motar da ta ci huɗu a jere wata guda da ya wuce yau tana neman maki da ƙyar. In ban da Le Mans, ana duba sakamakon tseren baya-bayan nan ne a gyara awo, don haka wanda ya yi ta ci zai ɗauki kaya. Na gane lissafin, amma a ido abin ya fi kama da layin karɓar rabo, kowa na jiran nasa ya zo.

17 ga Agusta

Kwamfutar ta mutu kwana tara, mai gyara ya goge min rabin fayil. Allah ya sa na taɓa tura wa kaina kwafi a imel a watan Yuni. Na sake shigar da São Paulo da hannu.

Tunda babu tsere, na rubuta sashen Peugeot. 9X8 ta fito a Monza a 2022 babu fiffiken baya, tayoyinta huɗu faɗinsu ɗaya, alhali abokan hamayya sun koma siriri a gaba, faffaɗa a baya. An yi ta sassauta mata, har aka bar ta ta kunna lantarkin gaba tun daga kilomita 150 a awa lokacin da Toyota da Ferrari ke jiran 190. Duk da haka ba ta ci ba. A Katar 2024 tana ta biyu mai ya ƙare mata ana dab da layi, daga nan aka sa mata fiffike. Wannan shi ne misalin da zan ba mai cewa ma'auni kaɗai ke cin tsere. Ya kuma nuna inda tausayin ke tsayawa: ƙananan masu ƙera mota irin Glickenhaus da Isotta Fraschini sun zo sun tafi, ba wanda ya daidaita musu aljihu da na manya.

Na ƙara sakin layi a kan Ford GT a Le Mans na 2016. Bayan Ford da Ferrari sun bar kowa a baya a gwajin neman gurbi, aka sake awon rukunin GTE Pro ana gobe tsere, abokan hamayya na zargin lamɓo. Ford ta ci rukunin duk da haka, shekara hamsin cif bayan 1966. Sau biyu kenan ina cin karo da kofi yana faɗawa daidai ranar bikin wani. Sau biyu ba hujja ba ce, amma zan ambata.

29 ga Satumba

Austin cikin ruwan sama Porsche 6 ta ci. Fuji, tsere na ɗari a tarihin WEC, Alpine ta ci, Peugeot ta biyu. Toyota a gidanta ko mumbarin ukun farko ba ta hau ba, kuma duk kakar nan ba ta hau ba tukuna. Ban ce komai ba.

8 ga Oktoba

Jiya Porsche ta sanar za ta janye motocinta na kamfani daga Hypercar a ƙarshen kaka, ta ci gaba da IMSA. Halin da kasuwancinta ke ciki ta kawo a matsayin dalili, kuma gaskiya ne kamfanin na cikin matsi. Amma ruwa ba ya tsami banza. In dole ka zaɓi ɗaya cikin gasa biyu, wadda ka yi tsere marar aibi ka ƙare na biyu ita za ka fi saurin saki. Wannan karatuna ne, kuma haka zan rubuta shi.

Ya tuna min wani abu da na bari a baya. Hukuma ma a ɗaure take. Kowane kamfani na iya cewa zai tafi, kuma kowa ya san abin da ya faru a 2017. Genesis na zuwa a 2026, Ford da McLaren a 2027. Wanda ke riƙe da ma'auni yana awon mota, yana kuma awon wanda zai yi fushi.

10 ga Nuwamba

Bahrain: Toyota na ɗaya da na biyu. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki, sannan na duba layin nauyinta da ƙarfinta na ga an sassauta mata, na zauna. Ferrari ta ɗauki kambun kamfanoni, na farko a babban rukuni tun 1972, direbobin mota mai lamba 51 suka ɗauki nasu. Tsere takwas, kamfanoni biyar sun ci.

Jadawalin bana ya cika. Na sauya taken dogon bayanin, na cire kalmar sata. Sassa uku sun tsaya: alkawarin da aka karya a 2023, dokar rufe baki, da maganar Kawu a kan kofin da babu rangwame. Sashen Le Mans na bana har yanzu jan rubutun nan na gefensa, ban warware shi ba. Saura in shigar da takardun 2024 gaba ɗaya don in kwatanta kafin da bayan awon kilomita 250, in kuma buɗe shafi na biyu ga IMSA, tunda Porsche 963 ɗin da ta kasa cin Le Mans ita ta ci Daytona da Sebring a bana. Abokina bakanike ya ce in kawo masa daftarin ranar Asabar ya duba kalmomin inji.